Juyin Ruwa a Bayan Kadarko

A shekarun mulkin soja, lokacin da gwamnati ta sa ake kiran kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, yayana ya dawo hutu daga lakwal, makarantar boko a kudu, da wani ilimi da ya hana gidanmu sakat. Wai duniya juyawa take yi, saboda haka duk inda ruwa ya yi juyi a ƙasarmu, hagu zai bi.

Ni kuwa shekarata goma ina su tare da Baba a kogi. Na san juyin da ke bayan ginshiƙan kadarkon da ake bi zuwa Gaya. Ruwa in ya bugi ginshiƙi rabewa yake yi, na wannan gefe ya murɗa hagu, na wancan ya murɗa dama. Na gaya mashi haka. Ya dube ni da tausayi.

"Idonka ne ke ruɗinka. Littafi ya faɗi."

"Yaya, littafin nan ya taɓa shiga jirgi?"

Kwana uku muna abu ɗaya. Har Inna bai bari ba. Tana dama fura ya tsaya a kanta yana bayanin inda ya kamata ludayi ya bi, sai da ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Baba sau ɗaya ya sa baki. Ya ce tsakiyar babban juyi lumui take kamar mai, amma bakinshi, inda ruwa mai gudu ke haɗuwa da mai juyawa, nan ruwa ke tafasa, nan kuma jirgi ke kifewa. Yaya ya ce wannan zancen masunta ne.

Rana ta huɗu da hantsi ya tara sakaina cikin aljihu, ya ce in tuƙa shi a jirgin Baba zuwa bayan kadarko. Ruwa ya cika a lokacin, ja wur. Da muka isa, Yaya ya jefa sakaina ta farko cikin juyi, ta zagaya hagu. Ya buga ihu har da tafi. Na kai shi ɗaya gefen ginshiƙin. Ya jefa, ta bi dama.

"Kai ka dama ruwan da filafilin tuƙi."

Na ɗaga filafilin sama. Ya sake jefawa. Dama.

"Iska ce."

Ko ganye ba ya motsi a bakin gaɓa. Raina ya soma ɓaci. Kafin in yi magana ya fizge filafilin, wai mu matsa kusa ya gani da kyau.

"Yaya, ba nan ba!"

Bai ji ba. Ya cusa hancin jirgin a daidai inda ruwan ke tafasa. Jirgi ya yi tsalle, ruwa ya watso mana har gwiwa, filafili ya kuɓuce ya tafi. Sai juyin ya ja mu ciki. Nan kuwa lafiya lau, ba ko girgiza, muna ta zagayawa a hankali ta hannun dama, ni ina kwashe ruwa da ƙwarya, shi ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu. A bisa kadarko mata masu kai albasa kasuwa suka sauke kaya suna kallo. Wani jandarma ya yi dariya har ya cire hula. Wani masunci daga Gaya ne ya jefo mana igiya ya ja mu.

A gida ni Baba ya yi wa faɗa, tunda ni na san ruwa. Ni kuma na sassaƙa sabon filafili.

Bayan ya koma lakwal ya aiko mini da wasiƙa shafi biyu. Ya bayyana cewa juyawar duniya sai a manyan abubuwa take nuna ƙarfinta, kamar teku da iskar hadari, ƙaramin juyi na kogi kuwa siffar ginshiƙi da gudun ruwa yake bi. Na karanta har ƙarshe ina neman inda zai ce na yi gaskiya. Babu. Ya dai rufe da cewa yana fatan yanzu na gane, in kuma ban gane ba zai ƙara mini bayani in ya zo hutu.