Katin Zinare da Hannun Aminiyata

Shekarar da gwiwata ta fara ciwo, wani asibitin kuɗi da ke kusa da mu a unguwar Madain Fahd ya gano ni. Wata yarinya mai zaƙin baki ta dame ni da waya, khala kaza, khala kaza, wato inna da Larabci, har na karɓi katinsu na dattawa mai ruwan zinare. Duk wata sai su tara mu a ɗaki mai sanyi, a ba mu shayi da dabino, a auna mana jini kyauta, a ɗauke mu hoto muna washe baki. Ban ruɗu ba, na san tallarsu suke yi da furfurarmu, amma shayin da daɗi.

Ina da aminiya mai sayar da gyaɗa a bakin layinmu. Umra ta kawo ta tun tana da ƙarfinta, ba ta koma ba, ba ta kuma da iƙama, wato takardar izinin zama. Ita ta wanke ni lokacin da na kwanta jinya. Da ta fara ganin jiri, ƙafafunta suka kumbura, sai tsoro ya kama ni, domin ko ƙofar asibiti ba ta yarda ta bi ta gabanta, don gudun kamu.

Ranar shayi na ja ta muka tafi, tana ta roƙona mu koma. A bakin ƙofa yarinyar nan ta tare mu da murmushi, ta ce taron na masu kati ne, ta kuma nemi iƙama. Raina ya ɓaci. Mai hoto ya riga ya saita kujerata a tsakiya, ni kuwa na tsaya ƙyam na ce ba zama, ba hoto, sai an auna aminiyata. Sauran tsofaffin suka ajiye kofuna suna kallo.

Wata nas ce ta gaji, ta naɗa mata abin awon a tsaye, ta duba, fuskarta ta sauya. Ta raɗa mini cewa jinin ya hau sosai, ta faɗa mini inda za a duba ta ba tambaya. Can muka wuce, shayinsu ko kurɓa ban yi ba.

Har yau yarinyar tana kirana duk wata, wai sun yi kewata.

"Mu biyu za mu zo?" nake tambayarta.

Sai ta fara kame-kame, ni kuma in ce halas, shi ke nan, in kashe wayata.