Akwalar Kwamfutar Goggo

Goggo malamar lissafi ce, kuma ita ke fitar da kowane sabon zubi na wata manhajar kyauta da mutane daga ko'ina suke taruwa su gina. Ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Sai dai ba ta sakin komai sai ta gwada shi a tsohuwar kwamfutar marigayi mijinta, mai gurnani kamar injin markaɗe. Kafin kwamfutar ta gama buɗewa, sai Goggo ta yi tagumi tana hango wani can bayan teku, ruwa na dukan tagarsa, shi ma yana jiran tasa.

"Goggo, ki jefar da akwalar nan mana," in ji 'yar wanta.

"In na jefar da ita, 'yar nan, na jefar da duk mai irinta."