Lasifikar Hagu

Mahaifina ya sayi kayan sautinsa a shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki karon farko. Akawu ne a wani kamfanin fatu, ba mai son ƙawa ba, amma a wannan abu guda bai yi ƙwauro ba. Akwai amfilifaya mai fuskar ƙarfe, wadda sai ka sa hannu biyu kake ɗaga ta. Maɓallin ƙara sautinta yana juyawa a hankali, kamar cokali a cikin zuma. Akwai na'urar kaset mai allurai biyu a bayan gilashi. Sai lasifika biyu na katako mai kauri, kowacce ta kai ƙugun mutum. In ka ƙwanƙwasa jikinsu ba sa amsawa kamar ganga, shiru suke kamar kututture.

Na daɗe ina karanta labarai a rediyo, kuma aikin ya koya mini cewa muryar mutum hawa-hawa ce: akwai ta baki, akwai ta hanci, akwai ta ƙirji. Ƙaramar rediyo baki da hanci kawai take kawowa. Waɗannan akwatuna har ƙirjin suke kawowa. Kuma kowanne da rabonsa na sauti, abin da na hagu ke faɗa daban ne da na dama.

Ranar da aka kawo kayan gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, Baba ya gwada su da makirufo biyu. Ya riƙe ɗaya a kujerarsa ta hagun falo, ya miƙa wa Inna ɗaya a kan tabarmarta ta dama. Suka yi 'yar hira, ya ɗauka a kaset, aka jefa kaset ɗin a durowa aka manta.

Ya rasu bayan kusan shekara ashirin, daidai lokacin da aka sake buɗe fagen siyasa. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, shi ya zauna da limamin unguwa aka raba gado. Da aka zo kan lasifikun sai Baffa ya ce, “To, Allah ya sauƙaƙa mana. Akwati biyu iri ɗaya, 'ya'ya maza biyu.”

Na ce, “Baffa, ai kamar takalmi suke, ba a raba su.”

Ya ce, “Takalmi ƙafa ɗaya ba ya tafiya. Wannan kuwa na ji ɗaya tana magana da kunnena.”

Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Ta hagu ta bi yayana zuwa gidansa a Tarauni. Sauran kayan suka zauna a falo, domin ni nake zaune da Inna.

Sai da ta fita takaba ta tuna da kaset ɗin. Wata ranar Asabar da hantsi, an kawo wuta, ta miƙo mini shi a naɗe cikin ɗankwali, ta ce, “Sa mini. Ina so in ji shi.”

Na sa. Allurar dama ta motsa, muryar wata mace mai ƙuruciya ta fito, tana dariya: “To ni me zan ce?” Sai shiru. A cikin shirun allurar hagu tana ta rawa a bayan gilashi, tana hawa tana sauka, babu ko sauti. Sai macen ta sake cewa, “Kai ma ka san ba haka aka yi ba.” Sai shiru, allurar tana rawa. Baba yana magana a cikin ɗakin, muna ganinsa, ba ma jinsa.

Inna ta dubi kusurwar hagu, inda sawun akwatin ya bar fari a kan siminti. 

Na ɗauko ƙaramar rakodata ta aiki, wadda ke haɗa ɓangarorin biyu a baki ɗaya. Muryarsa ta fito siririya, ta hanci, yana cewa, “Faɗi ko mene ne, gwaji muke yi.”

Ta ɗaga hannu. “Kashe. Wannan wani yaro ne. Ubanka in ya yi magana har a bayana nake ji.”

Gaskiya ta faɗa. Na ce akwai wata dabara, zan cire wayar daga ramin dama in mayar ramin hagu, sai akwatin da ke nan ya kawo muryarsa cikakkiya.

“Ni fa?”

“Ke ba za a ji ki ba, Inna.”

“Wato ya yi ta magana shi kaɗai, babu mai amsa masa?” Ta gyara zama. “A'a. Je ka wajen yayanka.”

Na iske Yaya a ƙofar gidansa, bango duk hotunan 'yan takara, wasu sun fara ɓamɓarewa. An gama zaɓe, ana jiran rantsuwa, nasa ɗan takarar kansila bai kai labari ba.

Ya ce, “Mai labarai. Yau me duniya ke ciki?”

Na ce, “Duniya lafiya. Lasifikar Baba Inna take nema.”

Ya sosa ƙeya. “Tana nan. Sai dai ta ɗan yi yawo.”

“Yawo ina?”

“Ka san abin siyasa. Yaran nan suka ɗaura ta a kan mota. Hotoro, Unguwar Gano, ko'ina an ji mu. Wallahi duk ƙaramar hukumar nan babu mai muryarmu.”

“Shi ya sa kuka ci zaɓe.”

“Kai dai bakinka ba ya mutuwa,” in ji shi, ya shiga ya jawo ta.

Igiya ta ci gefen katakon. Na cire ƙyallen gaba na duba. Takardar babban bakin, wadda ke motsawa ta haifi sautin ƙasa, ta tsage daga gefe zuwa kusan tsakiya. An yi irinta domin ɗaki, a saurara a zaune, ba domin kan mota ba. Muka sa ta a bayan tasi, Yaya ya biyo ni, bai ƙara wasa ba.

Na ajiye ta a sawunta, na ɗaura waya, na mayar da kaset farko.

“Faɗi ko mene ne, gwaji muke yi.”

Ƙirjin ya dawo, amma da kakari. Duk kalmar da ta sauka ƙasa sai takardar ta karkaɗa, ta ja wani gurnani a bayanta. Mu uku mun san wannan sauti. Shi muka yi ta ji a gefen gadonsa a asibiti, a makonsa na ƙarshe, lokacin da numfashi ya zama aiki. Mutum ne mai shekara arba'in da 'yan kai, yana tsokanar matarsa a kan ta cika gishiri a miya, amma da muryar ajalinsa. Daga dama kuma yarinyar tana ta dariya, ba ta san komai ba.

Yaya ya tashi ya fita tsakar gida. Na kai hannu zan kashe.

Inna ta ce, “Tsaya. Ita wannan ta wajena lafiyarta ƙalau?”

“Ƙalau.”

“To ba ubanka ita. Ni ka ba ni mai ciwon.”

Na kira Yaya. Muka ɗauki akwatunan muka musanya musu wuri, mai lafiya ta koma gefen kujerarsa, tsagaggiyar ta dawo gefen tabarmarta. Na zura wa kowacce wayar gefenta.

Baba ya yi gyaran murya daga hagu. Na ji shi a ƙasan ƙafata kafin in ji shi a kunne. Babu kakari, babu gajiya, har ɗan numfashin da yake ja kafin ya yi zolaya yana nan. Ya ce, “Kayan nan sai sun ga jikokinmu.” Daga dama wata murya ta amsa, a dushe, tana karkarwa: “In ba ka ƙona su da wa'azin safe ba.”

Inna ta saurara har kaset ya ƙare, maɓallin ya ɗaga da kansa. Ta daɗe tana kallon kujerar.

Yaya ya ce a hankali, “Inna, zan nemo mai gyara, a sake mata takarda.”

Ta ce, “Bar ta haka. Shi bai tsufa ba, ni ce na tsufa.” Ta juyo wajena. “Mayar da shi farko.”