Tsibirai Biyu na Kawu

A shekarar da sojoji suka koma bariki na sauka Agege, gidan ƙanen mahaifiyata. Na zo koyon harkar goro ne. Shi kuwa Kawu ya riga ya ajiye aiki, bayan ya daɗe yana kuku a manyan jiragen ruwan da ke tashi daga Apapa. Da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya dawo gida ya buɗe rumfar shayi a bakin layinmu. Gajeren mutum ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya, kuma Yarbanci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibi.

Bayan la'asar rumfar kan cika da 'yan goro da direbobin tanka. Hirar lokacin duk ta siyasa ce, ko farar hula za su iya, ko ba za su iya ba. Kawu ba ya sa baki. Amma in aka taɓo teku, sai ka ga ya ajiye butar shayi.

Wata rana wani direba ya tambaye shi, a duk yawon da ya yi, ina ne ya fi tsaya masa a rai. Na ɗauka zai ce wani babban birni. Sai ya ce wani tsibiri ne a Japan.

Ya ce injin jirginsu ne ya samu matsala, suka zauna a tasha ana gyara. Wani makanike ɗan ƙasar, wanda Kawu ke zuba wa abinci kullum, ya ce zai rama alheri. Ranar hutunsa ya kai shi wani ƙaramin jirgin da ke zagayawa da baƙi a kewayen tsibirin.

"Tun daga nesa," in ji Kawu, "za ka hango wata irin ƙofa ja, ta katako, tsaye a tsakiyar ruwa. Ba bango, ba gida, ƙofa kawai. Ta fi masallacin layin nan tsawo. Mutanen suna da addinin gargajiya da suke kira Shinto, kuma a wurinsu tsibirin gaba ɗayansa mai alfarma ne. Ba a sare masa itace. Barewa na yawo a bakin gaɓa kamar awakin gida, ba mai jifarsu."

Ya ce jirgin na bin gefen tsibirin a hankali, duk inda aka zo daidai wani ƙaramin ɗakin bautarsu a jikin dutse sai matuƙi ya rage inji, mutane su sunkuyar da kai, har yara su yi tsit.

A cikin masu saurare akwai wani Alhaji mai sayar da raguna a Alaba Rago, aminin Kawu, wanda ba ya barin magana ta wuce shi.

"To kai me ya kai ka kallon tsafi?" ya tambaya.

"Ban sunkuya ba, Alhaji, kuma ba wanda ya ce in sunkuya. Da la'asar ta yi na gaya wa abokina zan yi salla. Ya yi wa matuƙi magana. Wallahi mutumin nan ya duba na'urarsa, ya nuna mini alƙibla, ya sa aka matsa mini a bayan jirgi. Wata tsohuwa ta cire mayafin wuyanta ta shimfiɗa mini. Har na sallame ba wanda ya yi ko tari."

Alhaji ya ce, "Can ne dai. Nan wa zai bar maka itace tsaye?"

"Akwai irinsa a nan Ikko," in ji Kawu. "Bayan Salla, in ka gama da raguna, zan kai ka."

Ban ɗauka da gaske yake ba. Amma mako guda bayan Babbar Salla ya tashe ni da safe, muka shiga danfo, motar hayar Ikko, zuwa Mile 2, muka canza wata zuwa Ojo, muka ɗauki Alhaji. A bakin ruwa wani masunci na jiranmu da kwalekwalensa, dogo, baƙi wuluk, tsohon abokin aikin Kawu a jirgi. Suka rungume juna suna ta Yarbanci da dariya.

Ni ɗan tudu ne. Ruwan da na sani bai wuce na kududdufin unguwarmu ba. Da na sa ƙafa a kwalekwalen ya yi tangaɗi, sai na tsuguna na riƙe katako da hannu bibbiyu. Alhaji ya fi ni. Ya tattare babbar rigarsa ya cusa tsakanin cinyoyi, bakinsa bai daina salati ba.

"Yaya, ka saki jikinka," masuncin ya ce masa da gurguwar Hausa. "Ruwa ba ya son mai taurin jiki."

Muka bar gaɓa da tarin shararta, ledoji da robobi suna bin mu. A hankali hayaniyar gari ta mutu. Muka wuce mata suna jan koma, da gidajen katako a kan sanduna. Can sai ga tsibirin. Ƙarami ne, amma ban taɓa ganin duhun itatuwa irin nasa ba. Manyan bishiyoyi sun haɗe kai, jijiyoyinsu sun sauko cikin ruwa, balbelu sun yi musu fari fat a sama.

Masuncin ya kashe inji ya ɗauki filafili. Ya ce daga nan ba a shiga da ƙara. Kawu na fassara mana: mutanen ƙauyensu ba sa sauka a tsibirin sai dattawansu, su ma sai lokacin bautarsu ya zo. Ba a sare itace, ba a jefa koma kusa da shi. Kifin da ya hayayyafa a nan shi ke watsuwa ya cika sauran ruwan.

Muka fara zagaye. A wani lungu na ga farin ƙyalle ɗaure a gindin wata bishiya, da ƙananan tukwane a jere ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa. Masuncin ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa har muka wuce. Mu ba mu yi komai ba, shi ma bai dube mu ba. Na leƙa ruwan, sai na ga ƙasansa tar, kifaye na wucewa garke-garke. A Legas! Ban san lokacin da na saki katakon ba.

Alhaji ya shanye fiya wata, ya ɗaga hannu zai wurga ledar kamar yadda kowa ya saba. Hannun ya tsaya a sama. Ya dubi ruwan, ya dubi masuncin, sai ya nannaɗe ledar ya sa a aljihu.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Shekaruna nawa a Alaba, ban san da wannan a bayan kunnena ba."

Kawu yana zaune a gaban kwalekwalen, ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo, iska na kaɗa rigarsa. A rumfar shayi tsoho ne mai ɗingishi. A nan kuwa duk motsin ruwa jikinsa ya riga ya san shi, ba ya ko dafa gefe.

Da muka dawo gaɓa matar masuncin ta soya mana kifi da doya, da yaji mai sa hawaye. Alhaji ya ci har ya nemi ƙari, ya kuma yi alkawarin aiko musu da 'yar tunkiya su yi kiwo. Ya cika kuwa, ni na kai ta a mako na gaba, tana ta kuka a cikin danfo, kwandasta na zagina da Yarbancin da a lokacin ban fara ji ba.