Tafkin Yaya da Ƙofar Rijiya

Gidan kakanmu a Dukawuya gida ɗaya ne, rijiyarsa ɗaya. Da aka raba gado aka ja katanga a tsakiya, rijiyar ta faɗa ɓangaren baffana, sai aka bar wata 'yar ƙofa a jikin katangar don mu riƙa shiga ɗiban ruwa. Baffa ya rasu, mahaifina ya bi shi. Gidan can ya koma hannun ɗan baffan, wanda nake kira Yaya, ni kuma na riƙe namu da mahaifiyata da matata da yara. Sana'ata sayar da igiya da guga a Kasuwar Kurmi. Shi kuwa Yaya sayen gyaɗa yake yi wa wani kamfanin Turawa, kuma a shekarun nan na kafin samun mulkin kai gyaɗa ta yi masa rana. Ya je Makka ya dawo, ya sa aka ja masa famfo har cikin gida.

Zan faɗi abin yadda ya faru, bi da bi.

Farko dai ya je gidan Baturen da yake yi wa aiki, ya ga wani rami mai faɗi da aka shafe da siminti aka cika da ruwa, mutane suna iyo a ciki. Ya dawo ya ce shi ma sai ya yi. Aka haƙa a filin da ke tsakanin zaurensa da shigifa, dab da rijiya. Filinsa ne, ba ruwana. Bayan nan aka kawo siminti aka shafe, aka yi matakala. Sai wata rana na dawo daga kasuwa na tarar da magini yana jera tubali a ƙofar rijiya, Inna tana tsaye da tulunta tana kallonsa.

Na zagaya ta waje na yi sallama a zaurensa.

"Yaya, na ga ana toshe ƙofa."

"To, ƙanina, ya za a yi? Mutum ya tuɓe yana wanka, sai a faɗo masa da tulu?"

"Inna fa tun tana amarya ruwan rijiyar nan take sha."

"Ga famfo can bakin titi. Zamani ya canza. Kai ma da ka bar sayar da guga ka nemi abin yi."

Ya yi dariya, mutanen da ke zaune da shi suka taya shi. Na ce masa na gode, na fito. A raina kuwa na riga na yanke cewa sai ƙofar nan ta buɗe, kuma shi da kansa zai nemi a buɗe ta.

Inna ba ta iya shan ruwan famfo, ta ce ƙarfe take ji a ciki. Tana sha kaɗan don dole, ta ture kofin. Cikin zafin bazara tsohuwa ta fara ramewa a gabana, alhali rijiyar da mijinta ya taya yasa tana bayan katanga, ina jin ƙarar gugan 'yan ga-ruwan da Yaya ya ɗauka suna jan ruwa suna zubawa a tafki, don famfonsa ba ya kawo abin da zai cika shi. Gugan ma a wurina aka saya.

Abokaina sun ce in kai ƙara wurin mai unguwa. Na ƙi. Da na kai, da an ce mu yi haƙuri da juna, a raba mu da addu'a, ƙofa tana nan a toshe. Na jira.

Da tafki ya cika, Yaya ya kira walima. Ya yanka rago, ya gayyato liman da mai unguwa da dattawa, aka shimfiɗa tabarmi a gefen ruwan. Ni ma na je da rigata mai kyau. A lokacin famfon bakin titi yakan yini bai kawo ruwa ba, layin garwa ya kai har masallaci, kowa ya san haka. Liman ya yi addu'a aka shafa. Kafin a kawo abinci na miƙe.

"Allah gafarta Malam, ina roƙon a ƙara wa Yaya addu'a. Unguwa tana cikin ƙishirwa, ga ruwa Allah ya tara a gidansa." Na juya wurinsa. "Yaya, in tsofaffi da yara sun zo da tulu, a kore su?"

Ya dube ni, ya dubi liman. A birnin nan ana iya hana mutum kuɗi, ana iya hana shi aron jaki, amma ba a taɓa jin wanda ya buɗe baki gaban dattawa ya ce zai hana maƙwabci ruwa ba. Balle Alhaji sabon dawowa.

"Haba, wa zai kore su?" in ji shi, murya ƙasa ƙasa.

Liman ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a a kan ladan shayarwa. Mai unguwa ya ce zai sa a sanar. Na ci naman ragon nan sosai.

Washegari tsofaffi suka fara zuwa, sai yara mata da tuluna. Da labari ya bazu, mai wankin unguwa ya zo da garwa biyu yana shi wa Alhaji albarka. 'Yan dako da ke wucewa zuwa Kurmi suka riƙa tsayawa su wanke fuska da ƙafa. Wani mai kitso, wato mai gyaran gashin doki, har ya nemi a bar shi ya shigo da dabba, da ƙyar aka tsayar da shi a zaure da bokiti. Duk wanda ya zo sayen guga a rumfata, ina ɗaura masa igiya ina gaya masa inda ruwa yake. Ban yi ƙarya ko sau ɗaya ba.

Mutumin da ya toshe ƙaramar ƙofa don kada a gan shi a tuɓe, sai ga zaurensa ya zama hanya. Tun hantsi har la'asar akwai tsohuwa a bakin ruwan tana cewa, "Alhaji, Allah ya kai lada kabarin iyaye." Sai ya amsa da amin, yana tsaye da babbar riga, gumi yana zuba. Iyakar sanina bai shiga ruwan nan ya yi iyo ba, in ban da ranar da aka gama shi.

Sai ɗawainiya ta biyo baya. Ana ɗiba yana sa a cika, don in ya bar shi ya ƙafe za a ce Alhaji ya janye sadaka. 'Yan ga-ruwa suka ƙara kuɗin aikinsu. Ruwa ya yi kore da gansakuka, sai an kwashe an kankare an sake cikawa. Kwaɗi suka tare. Siminti ya tsage ta gefe, danshi ya kama gindin shigifarsa, yaɓe ya fara zubowa. Yaran unguwa suka raɗa wa wurin kududdufin Alhaji. Da ruwan sama ya sauka sauro ya yi yawa, sai ga duba-gari da ludayinsa. Ya tambaye ni gidan da ake ajiye ruwa, na nuna masa da hannuna, har na raka shi bakin zaure. Ya kamfato ruwa ya ga tsutsa tana wutsil-wutsil, ya ci Yaya tara, ya zuba kananzir a kai. Aka sake kwashewa.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, Yaya ya yi sallama a zaurena. Bai taɓa zuwa ba tun rasuwar mahaifina. Na shimfiɗa masa buzu.

"Ƙanina, abin nan ya ishe ni."

"Wane abu, Yaya? Ladan?"

"Ka bar wasa. Ina so in cike shi, amma da wane baki zan gaya wa liman?"

"Ka ce danshi zai kayar maka da ɗaki. Gaskiya ce. Ni zan tsaya maka shaida."

Ya yi ajiyar zuciya, ya fara godiya. Na ce ban gama ba. Na ce da farko a buɗe ƙofa. Bayan an buɗe, ya shiga wurin Inna ya gaya mata da bakinsa. In an yi waɗannan, sannan mu je wurin liman tare.

"Sai na shiga? Ba ka isar mata ba?"

"Ba ni na toshe ba."

Maginin da ya jera tubalin shi aka kira ya rushe, da rana tsaka. Yaya ya shigo ta ƙofar, ya durƙusa a bakin ɗakin Inna ya ce, "Inna, an buɗe." Ta bar shi a durƙushe har ta gama jan carbinta, sannan ta ce, "Ka gaida gida."

Da kaina na ja guga na farko na kai mata. Bayan nan muka je wurin liman, na faɗi abin da na ce zan faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Jakuna suka yi ta kawo ƙasa daga bayan ganuwa ana zubawa a ramin. Ina rufe rumfa da wuri in zo in zauna a kan turmi a bakin ƙofar rijiya in yi kallo, shi yana tsaye yana biyan masu jakai. Wani maƙwabci ya ce mini ai ya isa haka, ɗan'uwanka ne. Na ce na sani, shi ya sa ban kai shi ƙara ba.

Yanzu in na ji wani mai kuɗi yana shawarar haƙa irin wannan a gidansa, nakan ce ya fara tambayar kansa wanda zai cika, da wanda zai kwashe, da kuma wanda ya ɓata wa rai kafin ya haƙa. Yaya dai har ya rasu muna gaisawa, kuma ni na yi masa wanka.