Cigiyar Saratu

Tunda kun ce kafin in tattara kayana in ba ku labari ɗaya daga cikin aikin nan, to akwai wata Laraba da har yau ba ta bar raina ba, ita zan ba ku. Lokacin ina babban furodusa a sashen Hausa, ni ke riƙe da shirin adabi na mako-mako da ake yi bayan la'asar. Ga sababbin cikinku, furodusa shi ne mai nemo baƙo, ya tsara tambayoyi, ya auna lokaci, idan abu ya lalace kuma shi ake kira ofis. Saboda ƙarancin ma'aikata ni ne furodusan, ni ne kuma mai gabatarwa.

Ranar Litinin ta wancan makon Oga Dung, shugaban sashen shirye-shirye, ya aika aka kira ni. Ya ce wata marubuciyar littattafan ƙagaggun labarai ta zo daga Amurka za ta yi lacca a jami'a, an roƙi a ba ta fili, shi kuma ya ga shirina ne ya dace. Za a yi hirar kai tsaye da Turanci, ina fassarawa. Na amsa da to, amma raina bai so ba. Masu saurarona teloli ne a Dilimi da mata masu tuya da direbobi, sun saba in kawo musu marubutan gida. Na rasa abin da zai haɗa su da lambobin yabon wata Baturiya.

Ka'idar aiki ita ce ba a shiga da baƙo sutudiyo sai an yi zaman share fage, wato ka je ka same shi, ku saba, ka ji yadda yake magana. Washegari na tafi masaukinta a Rayfield. Na tarar da tsohuwa gajeruwa, ta haura saba'in, tana zaune a baranda da sanda a gefenta da rigar sanyi, don damina ce. Sunanta Judith. Ina shirin gaishe ta da Turanci sai ta riga ni, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ina gajiya?"

Ashe a Jos aka haife ta. Mahaifinta malami ne a wata makarantar mishan, matar kukunsu ce ta raɗa mata suna Talatu. Hausarta ta yara ce, ta tsaya a inda ta bar ta, tana cewa "ya" a wurin "ta" kamar yadda ake yi a kasuwar nan tamu, in kalma ta ɓace mata sai ta rufe ido ta lalubo.

Na ajiye tambayoyin da na rubuto na bar ta tana magana. Ta ce tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka koma da ita Amurka, ƙasar da ake ce mata tasu ce amma ba ta san kowa ba. Yara suna mata dariya a makaranta don tana sa hannu a abinci. Da ta girma ta yi aikin buga takardu a wani ofishin inshora, ta yi aure, ta haihu. Rubutu kuwa da asuba take yin sa a teburin kicin kafin yara su tashi. Littafinta na farko ya daɗe yana yawo, kamfanonin ɗab'i suna dawo mata da shi, sai da ta kusa arba'in wani ya karɓa. Daga nan ta bar ofis, ta rubuta wasu, ta koyar da rubutu a jami'a. Tun rasuwar mijinta kuma ba ta sake gama wani littafi ba. Duk wannan ta faɗe shi ba alfahari ba kuka, kamar mai ba da labarin wata maƙwabciya.

Na tambaye ta abin da littafin farkon ya ƙunsa. Ta ce labarin yara mata biyu ne da wani tafki irin waɗanda haƙar kuza ta bari, ɗaya ta nutse ta mutu. Sannan ta ce ba duka ne ƙage ba.

Kukunsu, Baba Pam, yana da 'ya mai suna Saratu, sa'arta ce, tare suka tashi. Ana gobe za su bar ƙasar suka sulale zuwa bakin tafki, iska ta ɗauke hular Judith ta jefa a ruwa, Saratu ta bi ta. An fito da ita ba ta motsi, aka yi asibiti da ita. Da safe mota ta zo ta kwashe su Judith. Iyayenta sun ce mata Saratu za ta warke, amma ta ɗauka irin maganar da ake yi wa yaro ce. Daga baya aka ce Baba Pam ya bar aikin, ba wanda ya san inda ya koma. Ta ce laccar jami'a dalili ce kawai. Tun isowarta take tambaya, amma unguwar ta canza, gidan ma babu shi, wanda duk ta tambaya sai ya ce Saratu ai suna da yawa.

Na ce mata mu a rediyo muna da abin da ake kira cigiya. Akuya ma in ta ɓata ana cigiyarta, balle mutum. Amma na gaya mata gaskiya, amsar da za ta zo ba lalle ta zama mai daɗi ba. Ta ce, "Ko kabari ne, a nuna mini."

Da na kai wa Oga Dung maganar bai ji daɗinta ba. Mutum ne mai tsoron abin kunya, kuma yana da hujja.

"Isuhu, in wani ya bugo ya ce ta mutu fa? Tsohuwa, baƙuwar jami'a, duk Filato na ji. Wa zai ɗauki wannan?"

Na ce ni zan ɗauka. Ya ce ba ni da kafaɗar ɗauka, shi za a kira. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan cewa ba za a haɗa ko waya ɗaya da sutudiyo ba. Rifkatu, injiniyar sauti da ke bayan gilashi, ita za ta riƙa amsawa tana rubuta abin da aka ce, ba za a gaya wa baƙuwa komai ba sai an tabbatar. A lokacin na ga kamar ya rage wa shirin armashi. Yanzu na san shi ne ya fi ni gaskiya.

Ranar Laraba muka shiga. Rabin farko na shirin mun yi shi a kan aikinta: yadda ake jure wa a dawo maka da littafi, da yadda take gyara shafi ɗaya har ta gaji da ganinsa. Ta ce marubuci ba ya zaɓar labarinsa na farko, labarin ne ke tsare masa hanya har sai ya rubuta shi. Da lokaci ya yi na ce mata ga makirufo. Ta matso, ta ce da Hausarta:

"Ina neman Saratu, 'yar Baba Pam kuku. Ni ne Talatu. In kana da rai, ina nan Jos."

Ta bayan gilashi na ga wayoyi sun kama. Rifkatu tana amsa wannan tana ajiye wancan. Daga baya ta nuna mini abin da ta tara: Saratu mai sayar da dankali, Saratu da ta yi ƙuruciya da yawa, wani mai gaishe da Baturiya don ta burge shi, wani kuma yana tambayar yadda ake samun biza. Muka rufe shiri ba labari. Judith ta yi mana godiya ɗaya bayan ɗaya, direban jami'a ya tafi da ita. Ban ji daɗin yadda ta riƙe sandarta ba da za ta fita.

Ina haɗa takarduna Rifkatu ta leƙo ta ce in zo in ji wannan da kaina. Wani ne mai suna Malam Habu, direban Keke Napep a Dilimi. Ya ce yana da fasinja lokacin da ake shirin, shi ya sa bai bugo da wuri ba. Akwai wata tsohuwar ungozoma a Anguwan Rukuba, Ngo Saratu, wato Mama Saratu, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa lokacin tana aiki a asibiti, har yanzu matarsa na kai mata tuwon sallah. Bai san sunan mahaifinta ba. Abin da ya sani, in ta ga yaro ya nufi rafi sai ta kore shi, tana cewa ita ta sha ruwan kuza ta ƙoshi, ba ta so wani ya ɗanɗana.

Ban kira Judith ba. Da safe Malam Habu ya zo ya ɗauke ni a kekensa, ya ƙi karɓar ko sisi. Muka tarar da Ngo Saratu a tsakar gida tana tsince acca a faifai, doguwar mace mai ƙarfin murya. Bayan gaisuwa na ce, Mama, don Allah mene ne sunan mahaifinki? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa ke tambaya, gwamnati ko coci? Na ce wata ce mai suna Talatu. Ta ajiye faifan a hankali.

"Talatun Bature? Mai kuka in an tsefe mata kai?"

Ba ta ji shirin ba, rediyonta ya daɗe da lalacewa. Na ce zan kawo baƙuwar gobe in ta shirya. Ta ce wane irin gobe, masu shekarunsu ba sa ajiye abu sai gobe, in je in kawo ta yanzu.

Da yamma muka dawo da Judith. Malam Habu ne ya sake kai mu a kekensa. Na ɗauko rakoda amma na bar ta a jaka, don na ga wannan ba wurin aiki ba ne. Da suka haɗa ido ba wadda ta ruga. Judith ta tsaya a bakin ƙofa, Ngo Saratu ta taso ta kama fuskarta da hannu biyu tana dubawa, kamar yadda na tabbata ta duba jarirai da yawa, ta ce, "Kin tsufa." Judith ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, aka zaunar da ita a kujera, aka kawo kunu.

Da ta natsu ta shiga ba da haƙuri a kan hular. Ngo Saratu ta ce wace hula? Ita ba ta tuna da wata hula ba. Abin da ta sani, ta daɗe tana yi wa Talatu ƙaryar ta iya iyo, ranar kuma ita ce ta ƙarshe, shi ya sa ta shiga don ta nuna mata. Ta ce kuma ihun Talatu ne ya jawo matan da ke wankin kuza a gefe suka fito da ita, ba don wannan ihun ba da tuni an manta da ita. Abu ɗaya ne ya ɓata mata rai, ta farka a asibiti ta tambaya aka ce sun tafi, ba ko sallama. Ta yi fushi har Kirsimeti, sannan ta shiga makaranta ta ci gaba da rayuwarta.

Sai Judith ta gaya mata maganar littafin, tana sunkuyar da kai, cewa a ciki yarinyar ba ta tashi ba. Na zaci ran tsohuwar zai ɓaci. Sai ta tambaya ko an yi mata jana'iza mai kyau. Judith ta ce shafi guda cur. Ta tambaya ko mutane sun yi kuka. Judith ta ce har yau masu karatu na gaya mata sun yi. Ngo Saratu ta kaɗa kai alamar ta gamsu, ta juyo wurina.

"Kai ɗan rediyo, ina na'urarka? Kunna. A gaya wa mutanen Amurka ina nan, na haifi shida, na karɓi haihuwar da ban san iyakarta ba."

Na kunna. Abin da na ɗauka ranar shi muka sa a shirin mako na gaba, kusan ba mu yanke komai ba, har da kukan kaji da muryar Malam Habu yana cewa a ƙara masa kunu. Oga Dung da kansa ya sa aka maimaita shi ranar Lahadi.

Kafin ta tafi na tambayi Judith ko za ta gyara ƙarshen littafin. Ta ce a'a. Yarinyar cikin littafi tsoronta ne ya haife ta, ta riga ta zama ta masu karatu. Saratu kuwa ba ta buƙatar kowa ya rubuta ta. Ta ɗaga tafiyarta, sauran kwanakinta kullum da yamma tana Anguwan Rukuba. Ko ta koma rubutu bayan nan, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani, jikar Ngo Saratu ta gaya mini duk Lahadi bayan an taso daga coci sai an kira Amurka a wayarta, tsofaffin biyu su yi ta musu a kan abubuwan da kowace ta tuna daban.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, baƙo yakan zo da labarin da aka rubuto a kansa, da kuma wanda ya taso da shi daga gida. Na farkon kowa zai iya karanta muku. Na biyun ba ya fitowa sai ka je da ƙafarka, ka zauna, ka yi shiru. In ya fito kuma kada ɗokin shiri ya sa ka manta mutum ne a gabanka, ka saurari ogan da ya ce a tabbatar tukuna. Sannan kada ku raina wanda ke can ƙarshen waya. Mu muna da makirufo ne kawai. Sanin garin nan, wa ya haifi wa, wa ya koma ina, yana wurin mutumin da ke tuƙa keke da rediyo a kunne, yana jira ya sauke fasinja ya bugo.