Hannun da ke kafaɗar Mama

Duk gidan, Yaya ake ce mata, har tsohuwar da ta haife ta. Ita ce ta fari, ita ce kuma ta ajiye karatu ta tsaya a shagon mahaifinsu don ƙannenta su je makaranta. Aurenta ya mutu da wuri, ba haihuwa, ta dawo gida. Da Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba wanda ya buɗe baki ya ce Yaya ce za ta yi jinya. Kowa dai ya duba agogonsa ya shiga mota.

Jinyar ba ta dame ta ba. Wanka, magani, juya Mama kada bayanta ya yi gyambo, duk ta saba. Abin da ke tayar mata da hawan jini shi ne hutun ƙarshen shekara. Ƙaninta Injiniya zai iso da mata da 'ya'ya da akwatuna kamar masu gudun hijira, Auta ta biyo baya da nata ayarin. Yaya ta naɗe katifarta ta bar musu ɗaki, ta koma ƙasa gefen gadon Mama. Daga nan sai tukunya da bokiti. Wannan ba ya cin albasa, wancan shayinsa ya huce, jariri ya ɓata zanin gado.

"Mun zo mu hutar da ke ne fa, Yaya," in ji su, ƙafa kan kujera, ido kan waya.

In kanta ya fara sarawa, maganinta ɗaya ne. Ta shige ɗakin ajiya ta sa sakata, ta zauna kan buhun shinkafa, ta manna jiƙaƙƙen tsumma a ƙeya har kunnuwanta su daina ƙara. A bakin ƙofar nan matar Injiniya ta tare ta wata rana.

"Yaya, kina kashe kanki wallahi. Na karanta a waya, a lokacin hutu mutum ya riƙa jan dogon numfashi, ya kuma koyi cewa a'a." Ta miƙa mata kwandon kayan yara. "Waɗannan kada a haɗa su da masu zuba."

Yaya ta ja dogon numfashin, ta karɓi kwando.

Gidan suna da al'adarsu: duk hutu sai an ɗauki hoton iyali an rataya a falo. Bango ya kusa cika, kuma a nemi Yaya a ciki a rasa. Wata shekarar tana suyar kaji, wata ita ta riƙe wayar ɗaukar hoton, wata an ce ta leƙa ƙofa ana sallama. Ba ta taɓa kulawa ba sai a wani hutu, da ta turo Mama falo a keke, tsohuwar ta daɗe tana kallon bango, ta ce da karkataccen bakinta, "Ke ina kike a nan?"

Maganar ta tsaya mata a rai. Mama kullum ƙara zubewa take, wanda ke juya ta shi ya san nauyin da ya rage. Yaya ta ƙudurta bana sai ta fito a hoto kusa da uwarta, ko shinkafa za ta zama gawayi. Da matar Injiniya ta aiko cewa shuɗi kowa zai sa, ta je ta ɗinka shuɗiyar riga, ta ɓoye a ɗakin ajiya.

Ranar hoto ta gama girki da wuri, ta yi wa Mama kwalliya, ta sa rigarta ta fito.

"Iye!" in ji Auta. "Yaya, wa za a aura?"

Aka yi dariya. Ita ma ta yi.

Mai hoto ya ce keken marasa lafiya zai ɓata tsari, a mai da Mama kan babbar kujera. Aka ɗora ta, ta sulale gefe. Aka cusa matasai, ta sake sulalewa.

"Sai an samu mai riƙe ta ta baya," in ji mai hoto.

"Yaya ce ta san kanta," Injiniya ya ce, yana gyara agogo.

Yaya ta zagaya ta tsaya bayan kujerar ta dafa kafaɗun Mama. Daɗi ya kama ta, wuri ne mai kyau, tsakiyar hoto.

"Kin tare Baban yara," in ji matar Injiniya. "Kuma shuɗin naki ya yi duhu, ga gumi a wuya. Ɗan duƙa mana."

"Ni ma ina so in fito," Yaya ta ce. Muryarta ko ita da kyar ta ji.

"Haba Yaya, sai ka ce yarinya? A ɗauki wannan, sai a yi wani da ke."

Ta durƙusa bayan kujera, hannu ɗaya a ƙugun Mama, ɗaya a kafaɗa, fuska a manne da katako.

"Ɗankwalin yana leƙowa," in ji mai hoto. "Ƙasa kaɗan. Yauwa. Kowa ya yi murmushi!"

Kafin ta miƙe, jariri ya tsanyara kuka, yara sun watse, mai hoto yana naɗe kaya, wai ana jiransa a wani gida. "Baɗi in Allah ya kai mu," in ji Injiniya. "Abinci fa?"

Mama ba ta kai baɗi ba. Bayan rasuwarta aka faɗaɗa hoton, tunda shi ne na ƙarshe, aka sa masa gilashi. Auta ce ta fara lura.

"Kai, hannun wa ne nan a kafaɗar Mama? Ya ɓata hoton, sai ka ce na fatalwa."

Yaya tana tsaye da tiren shayi. Ta kalli yatsunta a hoton, har ƙunar mai ta babban yatsa ta fito sarai. Ta buɗe baki za ta ce a bar shi.

"Ƙaramin aiki ne," in ji Injiniya. "Mai hoto zai goge shi a kwamfuta."

Aka goge. Yanzu Mama na zaune ɗoɗar a bango, kamar ba ta taɓa bukatar kowa ba. Yaya ce ke share wa gilashin ƙura. Jiya ƙannen sun bugo waya sun ce a gyara ɗakuna, hutu ya matso.